Ma'anar "withers" a jikin dabba: inda ake awo, inda ba a ɗora kaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatun kiwon dabbobi, kuma muna da dawaki biyu da jaki a gida. A littattafanmu da takardun dawaki ina yawan cin karo da kalmar "withers", musamman inda aka rubuta tsayin dabba. Wani ya ce mini kafaɗa ce, wani ya ce tozo ne. Mene ne ainihinta, kuma me ya sa aka damu da ita haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka biyun sun kusa, amma babu wanda ya dace. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemo wurin da hannunka. Ka tsaya a gefen hagun doki, ka ɗora tafinka a kan geza, ka bi ta kana gangarowa wajen baya. Daidai inda gashin geza ya ƙare za ka ji laushin naman wuya ya yanke, hannunka ya hau wani tudu siriri mai tauri, ƙashi ne fata ta rufe, sannan tudun ya sauka a hankali ya shige gadon baya inda sirdi yake zama. Wannan tudun shi Turawan Ingila suke kira "withers". A nan zan riƙa ce masa tudun kafaɗa.

Ba kafaɗa ba ne, domin allon kafaɗa biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, shi kuwa tudun a tsakiyarsu yake, kuma ɓangare ne na ƙashin baya. Doki yana da gaɓoɓin ƙashi 7 a wuya, 18 a ƙirji, kowace ɗauke da haƙarƙari biyu, sai 6 a kwankwaso. Kowace gaɓa tana da tsinin ƙashi da ya miƙe sama. A yawancin baya tsinin gajere ne, amma daga gaɓar ƙirji ta 3 zuwa wajen ta 10 sai ya yi tsawo ƙwarai, mafi tsawo a wajen ta 4 da ta 5, inda a babban doki yakan kai taki guda har ya wuce. Kawunan waɗannan tsinaye da suka jeru su ne hannunka yake taɓawa. Tsawon nan yana da aiki. Akwai wata jijiya mai kauri, rawaya, mai talewa ta koma, wadda mahauta suka sani sarai a wuyan shanu. Ta taso daga ƙeya ta zo ta kama kan waɗannan tsinaye, ta zarce a kan gadon baya. Ita take riƙe kai da wuya, waɗanda nauyinsu ya kai kusan kashi 1 cikin 10 na nauyin doki, ba tare da tsoka ta gaji ba. In doki ya sunkuya kiwo, jijiyar takan ja tsinayen gaba, gadon baya ya ɗan ɗago. Tsakanin jijiyar da kan ƙashin akwai wata 'yar jaka mai ruwa mai santsi da take hana su gogar juna. Ka riƙe wannan jakar a ranka, za mu dawo kanta, domin mafi munin ciwon wurin a cikinta yake farawa.

Game da kalmar kanta, an fara ganinta a rubuce da wannan ma'ana a ƙarni na 16, amma saiwarta ta girmi haka nesa. A tsohon Turanci, na kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, "wither" na nufin gaba da, ko tsayayya da abu. Fassarar da masana harshe suka fi karɓa ita ce, an sa wa wurin sunan ne saboda shi ne yake tokare nauyi idan dabba tana jan kaya. Saiwar tana nan a "withstand" da "withhold", kuma Jamusawa har yau "Widerrist" suke kiran wurin, daga "wider" mai ma'ana iri ɗaya. Kusan kullum da harafin s a ƙarshe ake faɗinta ko da dabba ɗaya ake nufi, sai fa in ta shiga haɗi irin "wither height". Kada ka haɗa ta da aikatau "wither" na yaushin ganye, ko "wether", wato rago dandaƙaƙƙe. Kamar sauti ce kawai, asalinsu daban. Tsofaffin masu maganin dawaki a Ingila suna da "wither-wrung" ga dokin da sirdi ya murje wa wurin, kuma a wasan Hamlet Shakespeare ya sa jarumin ya ce "our withers are unwrung", ma'ana maganar ba ta taɓa mu ba, wanda ya ji zafi shi ke da miki. Daga nan kalmar ta shiga karin magana, har Baturen da bai taɓa riƙe linzami ba yana iya faɗinta. Wanda ya yi karatun fiƙihu ma ya san irin wurin ta Larabci bai lura ba: "garib" da ke cikin lafazin "habluki ala garibiki" a babin saki shi ne tsakanin wuyan raƙumi da tozonsa, inda ake jefa wa taguwa akalarta in za a sake ta ta yi kiwo.

Dalilin da ya sa ake awon tsayi daga nan shi ne, a duk saman jikin dabba mai ƙafa huɗu babu wurin da ya fi shi zama wuri ɗaya. Kai yana hawa yana sauka. Kuturi yana canzawa da yadda dabba ta ajiye ƙafafun baya. Tudun kafaɗa ƙashi ne, a bisa ƙafafun gaba, kuma ƙiba ba ta cika binne shi ba.

A Ingila, Amurka, Ireland, Ostireliya da Kanada, da ma'aunin "hand" ake faɗin tsayin doki, wato faɗin tafin hannu. An tsayar da shi a inci 4, santimita 10.16, tun dokar dawaki ta 1540 a zamanin Sarki Henry na 8, wadda ta hana sakin ingarman da bai kai tafi 15 ba a makiyayar jama'a a gundumomi da dama, don kada ƙananan dawaki su lalata iri. Yadda ake rubuta shi ne yake rikita ɗalibai. In ka ga 15.2, ba 15 da ɗigo 2 na lissafi ba ne. Tafi 15 ne da inci 2, wato inci 62, santimita 157.5. Saboda haka lambar bayan ɗigo ba ta wuce 3: daga 15.3 sai 16. Duk takardar da ka ga an rubuta 15.5 a kanta, wanda ya cika ta bai san aikin ba. Iyakar da ta raba doki da ƙuru a al'adar Ingila ita ce 14.2, wato santimita 147.3, hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, kuma ta sa santimita 148 ba takalmin ƙarfe, 149 da takalmi. Santimita ɗaya a nan yana iya sauya gasar da dabba za ta shiga da kuɗin da za a saye ta, shi ya sa likitoci na musamman suke awon. Wasan folo ma da yana da iyakar tsayi, aka soke ta a 1919, amma har yau "pony", wato ƙuru, ake ce wa dokin folo ko da ya kai 15.2. Don ka samu abin kwatance: dawakinmu na gida akasari tsakanin 14 da 15 suke, dokin sukuwa na Ingila wajen 16, mafi tsayi kuwa da aka taɓa rubutawa shi ne wani dokin jan kaya mai suna Sampson da aka haifa a 1846 a Bedfordshire, tafi 21 da inci 2 da rabi, kimanin santimita 219.

Awon kansa ba wuya, amma kuskure a cikinsa ya fi daidai yawa. Ka samu daɓe ko siminti shimfiɗaɗɗe, ba rairayi ba, domin kofato yana nutsewa sandar awo kuma ba ta nutsewa daidai da shi. Ka tsayar da dokin ƙafafun gaba a jere, a miƙe, nauyi a kan duka huɗun. Ka sa a sunkuyar da kansa tukuna: wuya zai janye, tsinin da ya fi tsawo ya fito fili, ka yi masa alama da alli. Sannan a bar kan ya koma yadda yake tsayuwa da kansa. Sandar awo tana da hannu da yake zamewa sama da ƙasa. In babu ita, miƙaƙƙen katako ya isa, ka kafa shi tsaye kusa da ƙafar gaba, ka gicciya ma'aunin magina mai ƙwayar iska daga katakon zuwa alamar allin, ka tabbata ƙwayar tana tsakiya, ka ja layi a katakon ka auna daga ƙasa. Kada ka bi jikin dokin da tef daga kofato zuwa sama, tef zai bi lanƙwasar kafaɗa ya ƙara maka santimita da yawa. Takalmin ƙarfe yana ƙara kimanin santimita 1, kofaton da ya yi tsawo ba a fiƙe ba shi ma haka. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: doki ba shi da ƙashin wuya irin na mutum da yake haɗa kafaɗa da ƙirji. Gangar jikinsa a rataye take tsakanin ƙafafun gaba da tsoka zalla. In ya tsorata ya ɗaure jiki, ƙirjin yakan ɗago ya ƙara tsayi, in ya saki jiki ko ya gaji ya sauka, bambancin yakan kai santimita 1 zuwa 2. Don haka ka bar shi ya sansana sandar, ya natsu, ka auna sau 3 ka ɗauki na tsakiya. Duƙushi kuma kada ka yanke masa hukunci da wuri. Sau da yawa kuturinsa yakan riga gabansa tsawo, tudun kafaɗa ba ya gama fitowa sai wajen shekara 5 ko 6.

A karnuka ma daga nan ake awo. Ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta raba irin Beagle gida biyu a kan inci 13 da 15. Awaki da tumaki haka nan, kuma da wannan awon ake bambanta gajerun awakin kudu, da ba su cika wuce santimita 50 ba, da dogayen awakin Sahel da sukan haura 70.

A shanunmu ne maganar tozo ta shigo. Tozon Bunaji, Rahaji, Bokolo ko Azawak tsoka ce da kitse da ta zauna a bisa tudun kafaɗa. Babu ƙashi a cikinta, tana cika da kaka ta zube da rani. In ka auna daga ƙolin tozo, ƙibar san ka auna, ba tsayinsa ba. Ana ɗora sandar ne daf da bayan tozon, inda yatsa yake jin ƙashi, kuma a rubuta a takarda cewa daga nan aka auna. Raƙumi nasa daban ne: tozonsa kitse ne kusan zalla kuma yana can baya, tudun kafaɗarsa yana gaban tozon a fili.

Amfani na biyu shi ne ƙiyasin nauyi inda babu sikeli, kuma wannan ya fi tsayi muhimmanci ga mai ba da magani. Ka zagaya ƙirjin doki da tef, daf da bayan gwiwar hannu a ƙasa, daf da bayan tudun kafaɗa a sama, ka karanta lokacin da ya fitar da numfashi, tef ɗin ya kwanta a jiki ba ya nutse ba. Sannan ka auna tsawon jiki daga tsinin kafaɗa na gaba zuwa tsinin ɗuwawu. Ka ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Misali zagaye 160, tsawo 145: 160 sau 160 sau 145 ya ba da 3,712,000, a raba da 11,880, kilo 312 ke nan. Maganin tsutsar ciki na aibamektin ana ba doki miligiram 0.2 a kowane kilo, wato wannan dokin miligiram 62 yake buƙata. Da ido aka ƙiyasta shi a kilo 250, da an ba shi abin da bai kai ba, tsutsar da ta tsira kuma ita take haifar wadda maganin ba ya kashewa. A shanu da 10,840 ake rabawa: zagaye 150, tsawo 130, kilo 270. Tunda zagayen sau biyu yake shiga lissafin, kuskuren santimita 5 a kansa ya fi kuskuren santimita 5 a tsawo illa, don haka kada tef ya karkace ya koma kan ciki. Lissafin ba ya aiki a duƙushi, da goɗiya mai tsohon ciki, da jaki. Jakinku yana da nasa jadawalin, wanda cibiyar kula da jakuna ta Donkey Sanctuary da ke Sidmouth a Ingila take amfani da shi, kuma shi da tsayin tudun kafaɗa da zagayen ƙirji ake karanta shi.

Likitocin shanu suna da wani gwaji a wurin. In saniya ta daina ci kwatsam, nono ya ragu, ta tsaya baya a gantsare sama tana gudun motsi, ana zargin ta haɗiyi ƙusa ko waya ta huda tumbin nan mai zanen saƙar zuma. Sai mutum ya damƙi fata da naman tudun kafaɗa da hannu biyu ya matsa da ƙarfi yana ɗagawa. Lafiyayyar saniya takan lotsa bayanta ƙasa nan take. Mai ciwo a gaban ciki takan ƙi lotsawa, ko ta lotsa da ɗan nishi, wanda wani lokaci sai an kara abin sauraro a maƙogwaro ake jinsa. Gwajin yana nuna akwai zafi a wajen, bai ce lalle ƙusa ce ba, ciwon huhu da ya kama bangon ƙirji ma yana ba da irin wannan amsa. Amma dalili ne na kiran likita a ranar, domin tumbin nan yana daf da zuciya, kuma ƙusar tana iya ci gaba har ta kai jakarta.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, tunda kuna da dabbobin hawa. Sunan yana nuna wurin tokare nauyi, amma a aikace ba a yarda komai ya zauna a kan wannan tudun ba, ko sirdi ko akumari ko igiya. Tsakanin fata da ƙashi a nan babu naman da zai tare matsi. Nauyin mahayi dole ya sauka a kan dogayen tsokar da suke dama da hagu na ƙashin baya, a bayan allon kafaɗa.

Ga yadda ake duba sirdi. Ka ɗora shi a kan baya tsirara, ba shimfiɗa, ka fara daga gaba kaɗan ka zame shi baya har ya tsaya da kansa. Gaban itacen sirdin ya kasance kamar yatsa 2 a bayan gefen allon kafaɗa, domin allon yana juyawa baya duk lokacin da ƙafa ta miƙa gaba. Ka zura yatsu a tsaye tsakanin goshin sirdi da tudun: yatsa 3 babu mahayi, kada ya gaza 2 bayan an ja majayi mahayi ya zauna, kuma a sake dubawa bayan an yi tafiyar minti 15 ko 20, lokacin da shimfiɗa ta kwanta. Gefe da gefen tudun ma su samu sarari, ba sama kaɗai ba. Ka leƙa ta baya, ya kamata ka hangi haske ta ramin tsakiyar sirdi har gaba. Sirdi mai faɗi da yawa yakan faɗo ya zauna a kan ƙashi. Matsattse yakan tsaya sama, ya bar sarari mai kyau a ido, amma yana cizon tsokar gefe biyu. Na farkon ana iya gyara shi da ƙarin shimfiɗa a gefuna. Na biyun ƙara masa shimfiɗa daidai yake da mai matsattsen takalmi ya ƙara safa. Shimfiɗar kanta a cusa hannu a ɗaga tsakiyarta sama cikin ramin sirdi kafin a ja majayi, in ba haka ba tana miƙewa ta danne tudun duk da sirdin bai taɓa shi ba. A zaro gashin geza da ya maƙale a ƙarƙashi. Wannan ya shafi kwanakin hawan sallah ƙwarai, inda doki yake wuni da kayan ado hawa-hawa, kuma ba mai ganin abin da yake faruwa a ƙasansu sai an kwance da yamma.

Sirdi kuma ba a auna shi sau ɗaya a ce an gama. Dokin da ya cika da kaka, in rani ya ci shi naman gefen tudun yakan zube ya bar rami biyu, sirdin da ya dace a Nuwamba ya zauna a kan ƙashi a Afrilu. Dogon tudu siriri, irin na dawakin sukuwa, yana riƙe sirdi kada ya juya amma shi ya fi saurin jin ciwo. Gajere mai nama, da Turawa suke kamanta shi da na tunkiya, ba ya riƙe sirdi, sai mahayi ya yi ta ƙara jan majayi har ya ji wa ƙirji ciwo, alhali maganinsa maɗaurin ƙirji ne da na wutsiya. Jaki haka yake, tudunsa a kwance, daidai inda baƙin zanen nan ya gicciya kafaɗunsa. Akumarinsa ya zama matashi biyu, dama da hagu, da rami a tsakiya, kuma mangala ta yi nauyi ɗaya a ɓangarorin biyu. In gefe ɗaya ya rinjaya, igiya takan yi ta zartar tudun a kowane taku.

Jikin dabbar yana faɗa tun kafin miki ya buɗe. Bayan an cire sirdi ka dubi gumi: busasshen tabo a tsakiyar wuri jiƙaƙƙe yana nufin matsin ya kai ya tsayar da jini da gumi a nan. Ka sake shafawa bayan rabin awa, kumburi mai ɗumi yakan taso a lokacin. Dokin da yake kwantar da kunne ko ya lotsa in ya ga an nufo shi da sirdi, ba halin banza ba ne. Farin gashi a gefen tudun shaidar tsohon matsi ce, yana fitowa makonni bayan ɓarnar kuma yawanci ba ya komawa.

In fata ta saluɓe, a ajiye sirdi har ta warke gashi ya fara tsirowa. A aske kewayen, a wanke sau 2 a rana da ruwan gishiri, ƙaramin cokali 1 a rabin lita na tafasasshen ruwan da ya huce, a shafa man miki mai korar ƙuda, domin tsutsa tana shiga cikin kwana ɗaya ko biyu. Baƙin man inji, garin batir da kashin shanu suna ƙona naman da yake ƙoƙarin tsirowa, suna kuma kawo cutar tetanus mai sandarar da jiki, wadda doki da jaki suke saurin kamuwa da ita. In jaki ne da gida ba zai iya ajiye shi ba, a rage kaya sosai, a yi masa gammo mai rami a tsakiya wanda mikin zai zauna a ciki ba abin da ya taɓa shi. Wannan lallaɓawa ce, hutu ne magani.

Mafi muni shi ne ciwon da Turawa suke kira "fistulous withers", wato ƙwayar cuta ta shiga 'yar jakar nan da ke ƙarƙashin jijiya. Yakan fara da kumburi mai laushi a gefe ɗaya ko duka biyu, mai zafi in an taɓa, daga baya ya fashe ta ƙofa ɗaya ko fiye yana tsiyayar ruwa mai yauƙi, sannan mugunya. Yakan rufe ya sake fashewa a wani wurin. Abin da ya sa yake da naci shi ne wurin a sama yake: mugunya ba ta da hanyar zuba waje, sai ta gangara ciki tsakanin tsoka har bayan allon kafaɗa. Jijiyar kuma jini kaɗan ne yake ratsa ta, don haka allurar kashe ƙwayoyin cuta ba ta isa wurin da ƙarfi, guntun jijiya ko kan ƙashin da ya mutu kuwa yana zama maɓoyar cutar. Allura kaɗai ba ta cika warkar da shi ba. Aikin likita ne ya yanke mataccen naman ya buɗe mafita a can ƙasa, jinya ta ɗauki makonni ko watanni, kuma yakan dawo in an bar saura. Rauni daga sirdi yana kawo shi, amma akwai sanadin da ya fi haɗari, ƙwayar Burusela, mai sa shanu ɓari da kumburin gwiwa, wadda makiyaya suke kira bakkale. Dokin da yake kiwo ko shan ruwa tare da garken da ake ɓari a cikinsa yana iya ɗauka, kuma mugunyarsa tana kama mutum ta tsagar fata ko ido, ta sa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, wanda sau da yawa ake ɗauka maleriya ce ko taifod. Saboda haka duk kumburin tudun kafaɗa da ya fashe, a sa safar hannu ta roba, a ƙone audugar da aka goge shi da ita, a raba dokin da shanu, a nemi gwajin jini kafin kowa ya sa wuƙa. A wannan tudun ba a yin allura ko kaɗan. Wurin allurar tsoka yana gefen wuya, faɗin tafi ɗaya gaban allon kafaɗa, ƙasa da jijiyar geza, sama da gaɓoɓin ƙashin wuya.

Karaya ma tana faruwa, kusan kullum idan doki ya yi tsaye da ƙafafun baya ya kife ta baya, abin da fizgar linzami mai kaifi a daidai lokacin da ya ɗaga yake jawowa. Tsinaye 2, 3 ko fiye sukan karye su zame gefe. Za ka ga kumburi, tafiya a sandare da gajeren taku, da ƙin sunkuyawa, don haka a ɗaga masa abinci da ruwa zuwa tsayin ƙirji. Abin yana da ban tsoro a ido amma ba ya taɓa lakar baya, kuma in fata ba ta huje ba yawanci hutun wata 2 zuwa 3 a barga da maganin zafi ya isa, a ƙara wasu makonni kafin a mayar da sirdi. Wurin yakan warke a baje, don haka tsohon sirdin sai an sake auna shi. In an ɗauki hoton ƙashi, a kai wa wanda ya saba da na dawaki: kawunan waɗannan tsinaye suna da nasu ɗan ƙashi daban, da guringuntsi a tsakani, wanda ba ya haɗewa ko a babban doki, kuma wanda bai sani ba yakan karanta shi a matsayin karaya.